Baffa Mahaƙin Rijiya, Wanda Ba Mu Gama Sani Ba

Allah da Ya ba mu aron Baffa Ya karɓi abinSa. Baffa yayan mahaifina ne, ya rasu ranar Talata bayan la'asar a ɗan shagon da ke ƙofar gidanmu a Ƙaura Namoda. Ya haura shekara tamanin, ko da yake babu wanda ya rubuta ranar da aka haife shi. Allah bai ba shi haihuwa ba, saboda haka in ban rubuta wani abu a kansa ba, ban ga wanda zai rubuta ba. Sai dai da na zauna da biro da takarda na rasa ta inda zan kama shi, kuma masu zuwa gaisuwa ne suka fara ruɗa ni.

Muna zaune a tabarmi a ƙofar gida, ni da Baba da liman. Wasu manoma daga Ɗan Isa suka zo, bayan addu'a babbansu ya ce, "Allah Shi jiƙan bawan Allah. Mutum ne marar magana. Sai shi yini cikin rami ko tarinshi ba ka ji ba."

Ba su jima da tashi ba sai ga wani dattijo daga Katuru. Shi kuma ya ce, "Allah Shi gafarta mishi. Ban taɓa ganin mai labari irin nashi ba. In shina aiki garinmu, tuwo har hucewa shikai ana saurarenshi."

Wani malami daga Shinkafi, wanda ya yi aikin kotu har ya aje, ya ce Baffa kan zauna a zaurensa su yi ta muhawara kan hukuncin ruwan da ya canza launi ko ɗanɗano, kuma sau da yawa Baffa ke ƙure shi. Mu kuwa a saninmu karatun Baffa bai wuce na salla ba. Wani Buzu mai sayar da shayi a bakin tasha ya ce Baffa ya yi rani biyu a wurinsu can kusa da iyaka, har raƙumi ya iya hawa. Na dubi Baba, ya ɗaga kafaɗa. Wata tsohuwa 'yar ƙabilar Ibo ta wuce mu ta shiga cikin gida tana share hawaye da bakin zani.

Ranar uku da hantsi, ana shirin addu'a, dattawan Fulani uku suka shigo layinmu a ƙafa. Babu mai sanda a cikinsu, daga baya na gane da gangan suka baro sandunansu. Yawancin waɗanda ke kan tabarmar mutanen ƙauyenmu ne na ƙasar Zurmi da rashin tsaro ya koro Ƙaura. Wanda ke zaune kusa da ni, a gona aka kashe masa ɗa. Ya miƙe ya ɗauki takalmansa, wasu huɗu suka bi shi. Baba bai ɗaga kai ba. Liman ne ya gusa ya ba baƙin wuri.

Mafi tsufa a cikinsu ya yi gaisuwa, sannan ya ce wa Baba, "Mu ma an yi muna rashi. Ɗan uwana ne, nono ɗaya munka sha."

Baba ya ce, "Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ban san wanga zance ba."

Tsohon ya ce, "Ba a haihe ka ba lokacin." Ya ƙara da cewa Baffa ya fi jikokinsa na yanzu iya Fillanci.

Ni dai ban taɓa jin kalma ɗaya ta Fillanci a bakin Baffa ba. Da suka tafi na shiga wurin Gwaggo, yayarsu duka, wadda ta doshi casa'in. Ta ce gaskiya ne, shekarar da aka haifi Baffa mahaifiyarsu ta yi ciwon nono, aka kai shi ruga, bai dawo gida sosai ba sai da ya iya gudu. Washegari na sake tambayarta ta ce a'a, wani ƙanensu ne da ya rasu yana ƙarami aka kai rugar. Na juya wurin Inna, matar Baffa. Ta ce, "Shekara hamsin ina tare da shi. In igiya ta kuɓuce mishi, da wani yare shika faɗa. Ban taɓa tambaya tai ba."

To ga abin da na sani da kaina.

Baffa mahaƙin rijiya ne. Tun daga ƙasar Zurmi zuwa Shinkafi har Ƙaura, da wuya ka yi tafiyar rabin yini ba ka wuce rijiyar da ya haƙa ko ya yashe ba. Idan aka kira shi gari ba ya fara aiki ranar da ya isa. Sai ya cire takalmi ya yi ta yawo, yana duban inda gawo ya yi girma, inda ɓaure ya tsira, inda gara ta yi suri. Ya tsuguna ya ɗebi ƙasa ya murza, ya ɗora a harshe. Wani lokaci mai gida ya nuna masa inda yake son rijiya, Baffa ya ce, "Nan kake so, amma ruwa can shika so." Ya taɓa nuna wa wani mai gari tsakiyar turken dokinsa, kuma nan ɗin aka haƙa.

Yadda yake karanta ƙasa haka yake cewa yana karanta mutane. Shekarar da na fara koyarwa na haɗu da shi a kasuwar Moriki, muka zauna a wata rumfa muna shan fura. Ya nuna wani mutum da baki.

"Wancan ɗan fadama ne. Dubi tahiyarshi, shina ɗaga ƙafa kamar laka na riƙe da ita."

Ya nuna wani. "Wancan na jigawa ne. Bisa yatsu shika tahiya, rairayi ya saba ƙona mishi dunduniya."

Na tashi na je na tambaye su don in ƙure shi. Ya ci biyu. Na ukun da ya ce ɗan bakin gulbi ne, mutumin ya ce shi a kan tudu aka haife shi, ko iyo bai iya ba. Na dawo ina dariya. Baffa ya kurɓi fura ya ce, "Koma ka tambaye shi garin uwarshi."

A wurinsa mutanen fadama, masu shinkafa da albasa da rake, ba su da gaggawa domin ruwa ba ya ƙare musu, amma a kan taki ɗaya na iyakar gona sai su kai ƙara. Mutanen jigawa masu gero sai su ba ka aron gona ba tare da sun auna ba, amma ka zubar da ruwan tulu ka ga ɓacin rai. Makiyaya, in ji shi, ba ƙasa suke riƙewa ba, hanya suke riƙewa, shi ya sa in ka toshe musu hanya kamar ka rushe wa wani ɗaki ne. Mutanen tashar Ƙaura kuwa, da jirgin ƙasa ya kwaso daga ko'ina ya zube, yana cewa su sai a hankali, ƙasar ba ta gama saninsu ba.

"Ni ba ni tambayar mutum ƙabilarshi," in ji shi. "Ina tambaya tai gaba nawa rijiyar garinsu take." Gaba ita ce tsawon hannu biyu a buɗe, da ita suke auna zurfi. "Mai gaba uku ya san kyauta. Mai gaba ashirin ya san tattali. Bahillacen fadama ya fi kama da Bahaushen fadama bisa ga ɗan uwanshi na daji."

Na ce masa, "Baffa, mutum ai mutum ne ko'ina. Tarbiyya ce da addini ke gyara hali, ba ƙasa ba."

Ya ce, "Addini ɗaya ne, Malam. Amma wani cikin gulbi shika alwala, wani da rabin buta."

Malam yake kirana tun ranar da na fara albashi, kuma ban taɓa rabe ko girmamawa ce ko tsokana ba.

Tsohuwar nan 'yar Ibo da ta shiga gida tana kuka, ita ta ba Inna da sauran mata labarinta, ni kuma na ji a bakin Inna. Mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya mutu ya bar ta da 'ya'ya a wani gida da ke gefen gari. Danginta suka aiko ta koma kudu, ta ƙi, domin a nan ta yi rayuwarta. Unguwar kuwa marmara ce, jan dutse, mahaƙa biyu sun gwada sun bari. Kullum sai ta yi tafiya mai nisa da bokiti a ka. Baffa ya gan ta wata rana a hanya, ya bi ta har gida ya duba wurin. Rani guda ya yi yana zuwa duk lokacin da ya samu sarari tsakanin ayyukansa, yana sarar dutsen nan da dagi. Bai karɓi komai ba sai abinci, abincin ma yana ci yana ƙorafin yaji. Ranar da ruwa ya ɓullo ya ɗebo a gwangwani ya miƙa mata. Da ta sha ya ce, "To, kin sha Ƙaura tun daga ƙasanta. Duk wanda ya ce miki baƙuwa, ki turo shi wurina."

Ba zan ɓoye rigimarsa da Baba ba, domin duk wanda ya san mu ya san ta.

Shekarun da abubuwa suka fara lalacewa a ƙauyenmu, tsakanin Zurmi da Moriki, ana kwashe shanu, ana tare mutane a gona. Fulanin da muka tashi tare suka daina shigowa kasuwa, matansu suka daina kawo nono. Kowa na zargin kowa. Akwai wata tsohuwar ruga gabas da mu, wadda Baffa ya haƙa wa rijiya tun yana da ƙarfinsa. Rugar tsohon nan ce da ya zo gaisuwa. Suka aiko cewa rijiyar ta rufta, mata da yara na shan ruwan kududdufi. Baffa ya riga ya haura saba'in, ya daina shiga rami. Bai yi shawara da kowa ba, ya ɗauki dagi da igiya da rabin buhun siminti a kan jaki ya tafi. Kwana huɗu ya yi. Shi ya shiga, mutanen rugar na jan guga.

Ranar da ya dawo, samarin da ke tsaron gari suka tare shi a bakin hanya suka kai shi ƙofar mai gari. Suka ce labari yake kai wa mutanen daji. Tsoho mai furfura, laka har gira, yana tsugune cikin rana ana yi masa tambayoyi. Baba ne ya je ya tsaya masa, ya rantse cewa yayansa ba ya cin amana. Amma da suka shigo gida, a gabana, Baba ya juyo.

"Yaya, ka san su wa za su sha ruwan nan?"

"Mata da ɗiya da shanu."

"Da masu bindiga."

"Rijiya ba ta tambayar sunan mai guga."

Baba ya ce, "Kai ke cewa ƙasa ke yin mutum. To gaya mini, wace ƙasa ce ta haihi waɗanda ke yanka mutum cikin gonarshi?"

Baffa ya ce, "Waɗanga ba su da ƙasa. An nome burtali, an toshe mashaya. Sun tashi bisa babur, ƙafarsu ba ta taka ƙasa."

"Ɗan maƙwabcinmu na cikinsu," in ji Baba, "kuma gonar ubanshi na nan, ba wanda ya taɓa ta. Fulani nawa anka kwashe ma shanu ba su ɗauki bindiga ba? Zancenka bai zauna ba, Yaya."

Na jira amsa. Baffa kullum yana da amsa, ko da ta dariya ce. Ran nan sai ya sunkuyar da kai yana ɓanɓare busasshiyar laka daga ƙafarsa. Daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa su. Ni kuma na kasa ɗaukar ɓangare. In na saurari Baba sai in ga gaskiyarsa, in na tuna yaran da ke shan kududdufi sai in rasa abin cewa.

Ba a yi shekara ba ƙauyen ya watse. Rugar ma ta watse, domin su ma an faɗa musu an kwashe garken. Muka taru a Ƙaura, inda nake koyarwa. Baba ya ba Baffa shagon ƙofar gida, Inna ta zauna ciki da mata. Kullum Baba ke aika masa abinci, kuma shi ke saya masa magani, amma ba ya zama a shagon. Wasu daga mutanen ƙauyenmu ba su sake yi wa Baffa sallama ba har ya bar duniya.

A Ƙaura ne na ga Baffa ya rikice. Garin ya cika da 'yan gudun hijira, mutanen fadama da na jigawa da na daji duk a cushe a kangaye da gidajen haya. Yakan zauna a bakin shago yana duban masu wucewa, ya ce wancan ɗan wuri kaza ne. In na tambaya sai a samu ba haka ba. Sau biyar, sau shida a jere.

Wata rana ya ce mini, "Malam, ko idona ne? Duk tahiya ɗaya sukai yanzu. Tahiyar mai waige."

Ruwan da muke saye a jarka daga famfon burtsatse ma bai yarda da shi ba. Yakan kurɓa ya juya shi a baki ya ce, "Ruwan ga ba shi da gari." Daga baya ya fara tambayar ina ne gabas in zai yi salla, shi da yake shiga daji ba hanya ya fito daidai. Wata rana da azahar aka neme shi aka rasa. Na same shi bayan tasha babu takalmi, yana tsugune kusa da tsohon layin dogo da ƙasa a tafin hannu. Na ce, "Baffa, me kake nema?"

Ya ce, "Akwai ruwa nan. Ko babu. Da ina sani." Ya dube ni. "Ka ce ƙanena ya yi gaskiya?"

Na ce ban sani ba. Ya ce shi ma haka.

Ya roƙe mu in ya mutu a kai shi ƙauye, a sa shi cikin jigawar da aka sa iyayensa. Babu direban da zai bi hanyar nan da gawa, babu kuma wanda zai tsaya haƙa kabari a can. A maƙabartar Ƙaura muka sa shi.

Ranar bakwai da yamma, mutane sun ragu, wata mata ta zo. 'Yar ƙauyenmu ce, gidan ubanta na bayan namu a can. Bara aka tare motarsu a hanya aka shiga da su daji, ta yi wata biyu kafin Allah Ya kuɓutar da ita. Tun da ta dawo ba ta cika fita ba. Ta gaida Inna, sannan ta ce tana son ganin Baba. Aka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, Baba ya zauna a kujera, ina tsaye a gefe.

Ta ce, "Baba, akwai abin da ban faɗa ma kowa ba. Inda sunka aje mu tsohuwar ruga ce, bukkokin duk sun zube. Akwai rijiya. Ranar farko da anka sa ni jan ruwa, na ga yatsu biyar bisa simintin bakinta. Irin na rijiyar gidanmu. Na san hannun Baffa ne."

Haka yake yi. In ya gama ɗaure bakin rijiya sai ya danna tafinsa kafin siminti ya bushe.

Ta ce, "Mu goma sha ɗaya ne, har da mai goyo. Abinci sai an ga dama. Ruwan nan ne ya riƙe mu. In na ja guga sai in ɗora hannuna bisa nashi, in ji kamar akwai wani na gida kusa."

Baba ya ce, "Su ma shi suka sha?"

"Shi suka sha. Su ke fara sha." Ta ƙara da cewa, "Na ji suna faɗin saboda rijiyar ce ma sunka zauna wurin. Duk yankin babu wani ruwa da rani."

"Da babu ita, da ba su zauna nan ba ke nan."

"Wataƙila. Da sun kai mu wani wuri. Ban san ko can da ruwa ba, Baba. Ni dai na so in gode mishi, na yi ta jin nauyin fitowa har ya rasu."

Inna ta rufe fuska da mayafi. Baba ya yi wa matar addu'a, ya sa aka raka ta, ya shiga ɗaki.

Washegari da safe ya ce in kai shi maƙabarta a babur. Tun ranar jana'iza bai koma ba. Ya tsaya a kan kabarin ya yi addu'a mai tsawo, ni ina bayansa. Da ya shafa sai ya tsuguna, gwiwoyinsa na ƙara, ya gyara wata ƙaya da iska ta ture. Na ji yana magana ƙasa-ƙasa, yadda ƙane ke yi wa yayansa.

"Yaya, na zo ne in ce ka yi gaskiya, na kasa. Na so in ce ni na yi gaskiya, shi ma na kasa. Ka yahe mini zaman da ban yi da kai ba."

Ya miƙo hannu na ɗaga shi. Da muka iso gida, zai sauka sai ya ce in nemo masa inda tsohon Bafulatanin nan yake zaune yanzu, yana da tambayoyi.

Allah Ka san Baffa fiye da yadda muka san shi. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa makwanci, Ka shayar da shi kamar yadda ya shayar da bayinKa.